Ja da Kore a Injin Manaja

Inna,

Ina gaisuwa. Ya ƙafar Baba? Ni lafiya lau, kada ki damu.

Kin tambayi aikina. Allon kwamfuta nake tsarawa, mai nuna wa manya yadda ciniki ke tafiya a rassan kamfaninmu: kore alheri, ja matsala. Ashe manajanmu ba ya duba allo, a takarda yake bugawa, injinsa kuwa baƙi da fari kawai ya sani! Ja da kore duk suka fito iri ɗaya. Ranar taro ya miƙe ya yaba wa reshen da ya fi kowanne durƙushewa, har aka tafa. Tun da gaskiya ta fito, da ƙyar yake amsa gaisuwata, amma ba komai.

Ki taya ni addu'a, Allah ya sanyaya zuciyarsa. In hakan ya yi wuya, ya hore masa inji mai kala.

Autarki