Riguna Talatin a Hannun Iya

Unguwar Matsaro, Haɗeja
Lahadi, 17 ga Agusta

Zuwa ga maigidana, Malam Muttaka,

Assalamu alaikum. Ina fatan ka tashi lafiya, kuma ruwan Ibadan bai sa maka mura ba. Yaya kwas ɗin irin shinkafa, yaya abincinsu? Iya tana lafiya, ƙafar tata ta yi sauƙi. Ta ce in tambayi autanta ko yana samun fura a can. Na ce mata da wuya.

Na san za ka yi dariya, ga waya a hannuna amma na zauna ina rubutu a takarda don in ɗauki hotonta in turo maka. Ka yi dariyarka. A duk littattafan da na karanta ban taɓa ganin matar da mijinta ya yi tafiyar wata guda ta sallame shi da "ya kake" ba.

Ga albishir. Jiya abokinka Abdulganiyyu ya yi sallama a zaure, ko gaisuwa bai iya ƙarasawa ba. Kamfanin manhajar taswira ya amsa takardarku. Ka tuna shekara biyun da kuka yi kuna taruwa duk Asabar a shagonsa na kwamfuta, ku tara kacal, kuna saka jinga da mashigar ruwa da ƙauyukan fadama a taswira, ba mai biyan ku, ba mai ce muku sannu? Ni na tuna, don ni nake wanke wandunan da kake dawowa da su da laka har gwiwa.

Wata Madam Funke ce ta rubuto, ita ce ke kula da ƙungiyoyin sa-kai irin taku. Sun turo kwali: riguna talatin masu tambarin kamfani, da babban ƙyallen ratayewa, da ɗan majigi na haska taswira a bango. Sharaɗinsu shi ne a yi taro ranar Asabar 30 ga wata, mutum ashirin da biyar ko fiye, a ɗauki hoto cikin rigunan, ita kuma za ta shigo ta bidiyo ta gan mu. In ta gamsu, za su sa Zauren Taswirar Haɗeja a jerin ƙungiyoyinsu, su buɗe muku babbar manhajar kyauta, wadda ke nuna hawan ruwa tana tura gargaɗi, su kuma turo mai koyarwa. In ba ta gamsu ba, sai baɗi. Kogi kuwa tun yanzu ya fara lasar gindin jinga.

Abdulganiyyu yana ta sosa ƙeya a kan inda zai samo mutum goma sha bakwai, tunda ba ka nan kuma ɗaliban poli suna hutu. Ni kuwa tuni na gama tsara ranar a kaina. Ina ganin hasken majigi a bango, ina ganin baturiyar murya tana kiran sunanka daga nesa, mutane suna waigowa suna neman matar wannan bawan Allah. Abin da ya rage mini daɗi kawai shi ne ba za ka dawo ba sai bakwai ga Satumba.

Adireshin gidanmu ka ba su, don haka kwalin hannuna zai zo. Ka kwantar da hankalinka, ko ƙuda ba zai sauka a kansa ba.

Taka har kullum,
Umaima

Alhamis, 21 ga Agusta

Malam,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kuma a zaune kake. In a tsaye kake, nemi kujera.

Ban ɗauki wayarka ɗazu ba saboda muryata za ta tona ni. Kwalin ya iso jiya da hantsi. Direban motar Kano ne ya kawo shi har ƙofar gida. A lokacin ina ɗaki, ina shafi na tamanin da huɗu na littafin da ƙawata Shamsiyya ta ara mini, daidai inda yarinyar ta isa tasha tana neman motar da saurayin ya shiga. Iya ta ɗaga murya ta ce ga kaya an kawo da sunan auta. Na ce mata eh, saƙonka ne, ina zuwa.

Malam, "ina zuwa" ɗin nan sai da ta kai la'asar. Ban ma ci gaba da karatun ba. Kifa littafin na yi a ƙirjina ina ta saƙa yadda ni zan yi in ni ce ita, har barci ya ɗauke ni.

Da na fito na tarar da Iya a kan tabarma tana fifita, fuskarta fes, kwali a gefe babu komai ciki. Ta ce Allah ya yi wa autanta albarka, bai ma dawo ba ya turo tsaraba, kuma da yake yaro ne mai tarbiyya ya sayo iri ɗaya don kada wani ya ce an fi son wani. Ta raba su duka. Baba Shu'ibu masunci ya samu. Gidan liman biyu. Kulu mai waina da ƙanwarta. 'Yan uwanta na garin Malam Madori da suka zo duba ta sun tafi da huɗu. Sauran ta aika wa manoman da ke maƙwabtaka da gonar marigayi Baba a fadama. Ta ajiye wa kanta ɗaya.

Majigin yana nan lafiya, ta ɗauka rediyo ne, ta ɗora shi a kan kwaba ta lulluɓe da leshi. Ƙyallen kuma ta ce leda ce mai kyau, ta rufe akurkin kaji da shi saboda ruwa. Yanzu haka sunan kamfanin yana kallon sama.

Tun jiya mutane ke shigowa suna sa maka albarka, ni kuma ina amsa amin. Abdulganiyyu ya ce a bi gida gida a karɓo. Na tambaye shi wane ne a Haɗeja zai tsaya gaban liman ya ce masa cire rigar nan, kuskure aka yi. Ya ce ba shi ba. Kuma da wane baki zan gaya wa Iya ta yi ɓarna, alhali ni na ce mata saƙonka ne?

Laifina ne, ba na Iya ba, ba na littafin ba. Ka yi mini faɗa in ka so, amma ka rubuto shi a rubuce, na fi iya ɗauka.

Matarka mai jin kunya,
Umaima

Talata, 26 ga Agusta

Sanyin idona,

Assalamu alaikum, da fatan alheri. Haƙurin da ka yi a waya ranar Juma'a ya fi mini faɗa ciwo. Da ka ce "ba komai, Allah ya kai mu baɗi," na ji yadda maganar ta fito da ƙyar. To ka ajiye baɗin nan tukuna, ka ji abin da zan gaya maka.

Ranar Lahadi na je kasuwar kifi. Daga nesa na hango koriyar riga, Baba Shu'ibu ne a bayan kwandon tarwaɗa. Na juya, ga wata a wajen masu albasa. Ga wata a kan babur. Wata mata a gefena ta tambayi ƙawarta wai bikin wa ake yi da maza suka yi anko. Nan na tsaya cak da kifi a hannu. Mu muna neman riguna, muna kuma neman mutane, ashe mutanen suna cikin rigunan.

Na dawo gida na durƙusa gaban Iya na gaya mata komai, har da barcin. Na ɗauka fushi za ta yi. Sai ta ce ashe anko ta raba ba ta sani ba, to ai ba a karɓar anko a ƙi zuwa biki. Ta ce in ɗauko mata mayafi. Ta sayi goro da alewa, jiya da yau muna zagaye, ita da ƙafar da take cewa tana ciwo, ni ina binta da leda. Duk gidan da muka shiga sai ta ce bikin auta ranar Asabar ƙarfe goma, a makarantar firamare, kowa ya zo da rigarsa. In an tambaye ta bikin me, sai ta ce na taswira, ta wuce. Ta kira mutanen Malam Madori a waya ta ce kada ta ji wani uzuri.

Abdulganiyyu bai saki jiki ba. Ya ce kamfani masu amfani da manhaja yake so, ba masu sa riga ba, kuma rabin mutanen nan wayarsu mai tocila ce. In Madam ta tambayi Kulu abin da ta saka a taswira fa? Gaskiyarsa. Na ce masa ba za mu yi ƙarya ba. Ni da bakina zan gaya mata yadda aka yi, da ɗan Turancin da na fito da shi daga sakandare. In ta ƙi mu, ta ƙi mu a kan gaskiya.

Na wanke ƙyallen sau uku. Har yanzu in ka matso kusa za ka san inda ya kwana.

Ka yi mana addu'a.

Umaima

Laraba, 3 ga Satumba

Zuwa ga shugaban Zauren Taswirar Haɗeja,

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Ina fatan kana lafiya kana haɗa kaya. Na roƙi Abdulganiyyu ya rufe bakinsa kwana ɗaya, don wannan labarin nawa ne.

Ranar Asabar kafin ƙarfe goma aji ya cika. Riguna ashirin da takwas suka zo a jikin masu su. Ɗaya tana Malam Madori wajen mai jego, ɗaya kuma Kulu ta riga ta kai wa tela ya rage wa jikarta, don haka ita ta zo da tata a kafaɗa kamar gyale. Mata sun sa nasu a kan hijabi saboda hoto. Iya ta zauna a gaba, a kujerar malami. Abin dariyar, 'yan ƙungiyarka takwas, masu aikin na gaskiya, su ne kaɗai ba su da riga. Suka jeru a bango kamar 'yan gayyar soɗi.

Madam Funke ta fito a bango, ba baturiya ba ce kamar yadda na zana ta a raina, 'yar ƙasa ce mai gilashi da fara'a. Ta gaishe mu, ta ƙirga mu da ido, sannan ta yi tambayar da nake tsoro: me ya sa masu manyan wayoyi ba su da riga, masu riga kuma ba su da waya?

Na miƙe. Na gaya mata komai, inda Turanci ya ƙare mini Abdulganiyyu ya ɗora. Da na gama sai fuskarta ta tsaya cak, ba murmushi, ba ƙiftawa. Na ce a raina shi ke nan, na kashe wa Malam aikin shekara biyu. Ashe sabis ne ya ɗauke.

Kafin ya dawo, Abdulganiyyu ya haska taswirarku a bango don kada mutane su gaji. Baba Shu'ibu ya tashi da sandarsa ya matsa kusa, ya tambaya ko wannan shuɗin zaren shi ne kogi. Aka ce eh. Ya ɗora sandar a kan wani reshe ya ce wanda ya zana wannan a kan tudu aka haife shi. Ciyawar kacala ta toshe wurin shekara uku ke nan, ko kwale-kwale ba ya bi, ruwa yanzu ta bayan gonakin riɗi yake ɓallewa. Na duba a hankali. Malam, reshen nan naka ne, na ranar da ka dawo da takalmi ɗaya.

Daga nan aji ya kaure. Wani manomi ya ce Baba Shu'ibu ya tsaya a kifinsa, shi ya san inda jinga ta yi rauni, a can ya yi asarar shinkafa bara. Baba ya ce masa da ka tambayi masunci da ba ka shuka a hanyar ruwa ba. Kulu ta nuna mashigar da mata ke bi su kai abinci gona, wadda ba ta cikin taswirar kwata-kwata, ta ce maza ba sa ganin hanya sai wadda babur ke bi. 'Yan ƙungiyarka suka bar bango, kowa ya tsuguna gaban dattijo ɗaya yana saka abin da ake faɗa masa. Ni ce mai rubuta sunayen wurare a allo.

Ba wanda ya lura da lokacin da Madam ta dawo. Ta ce ta fi minti ashirin tana kallon mu. Ba ta yi alkawarin komai ba, ta ce dai a ɗauki hoton, kuma a sa Mama, wato Iya, a tsakiya.

Kwana uku ina duba waya kamar mai jiran sakamakon jarrabawa. Jiya da azahar saƙonta ya shigo. Sun sa mu a jerin. Za a buɗe babbar manhajar wannan makon, mai koyarwa zai zo a Oktoba. Ta roƙi a rubuta dattawan nan a matsayin cikakkun 'yan ƙungiya ko ba su da waya, a haɗa kowanne da mai waya ɗaya. Ta kuma nemi sunan mataimakin shugaba, Abdulganiyyu ya tura nawa bai ko tambaye ni ba. Na yi tsalle a tsakar gida har kaji suka watse.

Za su ƙaro riguna goma, har da taka. Iya ta ce idan sun iso a kira ta.

Asabar mai zuwa Baba Shu'ibu zai kai mu a kwale-kwale mu ga reshen nan naka, na riga na ari takalmin roba. Littafin Shamsiyya yana nan a shafi na tamanin da huɗu, yarinyar tana tsaye a tasha mako biyu ke nan. Ta ƙara haƙuri. Ni ma ranar Lahadi a tasha zan tsaya, kuma nawa na san motar da zai sauko.

Allah ya kawo mini kai lafiya.

Mataimakiyarka a gida da Zaure,
Umaima