Ƙofofin Gidan Auta Sun Daina Ƙara

Yaya,

Assalamu alaikum. Gaisuwa ce daga ƙaninki, tare da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidan da yara. Allah Ya ƙara masa sauƙin ƙafar nan. Mu nan lafiya lau. Inna tana nan da ƙarfinta, har yanzu tana cewa rediyonta ya fi jaridarmu gaskiya. Jaririyarmu ta fara haƙori, duk wanda ya miƙa mata yatsa ya ji a jikinsa.

Maganar Auta ce ta zaunar da ni rubutu, domin a waya kuka za ki sa kafin in kai ƙarshe. Kin san tun da aka rufe masaƙar da yake gyaran injuna bai sami wani aiki ba. Abin da ba ki gani ba shi ne yadda unguwar ma'aikatan ta koma. Ba wanda ya tuna ya kashe jiniyar canjin aiki, don haka har yau tana kuka da hantsi da la'asar a kan ginin da ba kowa a ciki. In ta yi, sai magidanta su leƙo ƙofa, wasu da takalmin aiki a ƙafa, su tsaya jim, su koma. A bencin mai shayin bakin masaƙar akwai gurabe da ba a zama, ko da wasu na tsaye. Da na tambaya, mai shayin ya ce wurin wane ne da wane, ya ci gaba da goge kofi.

A ofis ni ke duba sanarwar rasuwa kafin a buga. Bana waɗanda ke zuwa daga unguwar nan sun yi yawa, kusan duk maza ne masu iyali, kuma kalmar ɗaya ce: rasuwar farat ɗaya. Wasu cikinsu, Yaya, su suka kashe kansu, iyalan ne ke rufa asiri. Na karanta rahotanni daga ƙasashe da dama, hanyar kan zo iri ɗaya. Rasa aiki, kunyar zama a gida, kaɗaici, da ciwon damuwa da ba a kai asibiti. Abin kuma bai cika zuwa a watan kora ba, sai bayan 'yan jaje sun ɗauke ƙafa.

Ranar Asabar na je gidansa da rana. Ƙofar nan da muke tsokanarsa da ita, wadda ke yin sallama kafin baƙo, ta buɗe ba ko ƙis. Ta falo ma haka. Famfo ya daina ɗiga, fanka ta daina kaɗa kai. Gidan ya yi tsit har ina jin numfashina. Matarsa ta tare ni da murna, ta ce Baban yara ya warware, yana barci, yana dariya. Ya nuna mata inda ake rufe ruwan gida, ya koya wa babbar 'yarsa canza fis ɗin lantarki, ya wanke sufanunsa ya jera su daga ƙarami zuwa babba, ya rufe da tsumma.

Nan na gane. Kin tuna yadda yake ba mu labarin ƙa'idarsu a masaƙa? Makaniki ba ya tashi sai ya goge inji, ya zuba mai, ya jera kaya, ya zagaya da wanda zai karɓe shi ya nuna masa komai. Auta ba warwarewa ya yi ba. Miƙa aiki yake yi.

Na ja shi bayan gida na tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Ya yi dariya, ya ce 'yan jarida dai ba ma rasa kanun labari. Ban yi dariya ba. Muna tsaye jiniya ta yi, na ga ƙafarsa ta motsa da kanta. Sai ya ce shi dai ya gaji da zama kaya a kan mutane, kuma saura abu kaɗan ya gama gyaran gidan. Na ce masa shi ba kaya ba ne, ƙanina ne. Litinin na kai shi wurin likita, ya fara magani, yanzu ni da matarsa muna karɓa-karɓa, ba ma barinsa shi kaɗai. Inna ba ta sani ba tukuna.

Ga roƙona. Ki zo, kada ki aiko saƙo. Ke kika goye shi, maganarki ce kaɗai ba ya mayarwa wasa. Ki taho da tsohon keken ɗinkin nan naki da kowa ya ce ya mutu. Na gaya masa keken yana tafe, ya tambayi irinsa, har ya ce wataƙila ɗan kwale-kwalen da ke riƙe zaren ƙasa ne ya goge. Keke ba magani ba ne, na sani. Amma ban taɓa jin Auta ya tashi ya bar inji a buɗe ba.

Ki gaida maigidan, da 'yan biyu, da Goggo in kin leƙa ta. Inna da matata suna gaishe ki.

Jiya da zan fito na kwance ƙusa ɗaya a ƙofarsa. Ta yi ƙara, ya ɗaga kai.

Ƙaninki,
Mai Biro