Na Ɓoye Baƙon Dauro a Ɗakina, Faccalata ke Ɗauke da Laifin

Assalamu alaikum Malam Edita da masu karanta wannan fili. Don Allah a sakaya sunana, sunayen da zan ambata ma ba na gaskiya ba ne. Kada ku yi saurin zagina, na riga ku, shekara biyu ke nan ina zagin kaina.

Ni matar aure ce a cikin garin Kontagora. Na yi sakandare kafin aure, shi ya sa duk takardar da ta shigo gidanmu ni ake miƙa wa. Bazarar da baƙon dauro ya fara zagawa, 'yata ta kwanta da zazzaɓi, idanu suka yi ja, ƙuraje suka feso bayan kunne. Na gane shi, an koya mana a makaranta. Amma surukata Iya ta ce kada in kuskura in ambaci sunansa, baƙo ne, ba a nuna shi ga kowa, kuma in allura ta taɓa yaron da yake jikinsa to sai gawa. Ta sa aka saki labule, aka hana wanka, aka dama kunun dauro. Na san ba daidai ba ne. To amma wace suruka ce za ta ce wa uwar mijinta ilminta ya fi nata?

Ana cikin haka sai ga faccalata Lami, matar Audu ƙanen mijina, ta zo daga Ibeto cin kasuwa da 'yarta Talatu, 'yar shekara biyar. Lami Bakambara ce, mace mai sauƙin kai, Yaya take ce mini. Ta tambayi abin da ke damun yarinyar, Iya ta ce ɗan zazzaɓin rana ne, ta kalle ni. Na ce haka ne. Talatu ta wuni bayan labulen nan tana yi wa 'yata fifita, kofi ɗaya suka sha ruwa, ina kallo. Magana ɗaya ce, "fito da ita", me ya hana ni faɗa?

'Yata ta warke sarai. Talatu kuwa bayan kamar mako biyu ta kwanta a Ibeto, daga ita baƙon ya bi unguwarsu, an binne yara. Ita ta rayu, amma tana tashi sai wani gyambo ya fito mata a dasashi, ya yi baƙi, ya yi wari, kafin a kai ta asibiti ya huda kumatun hagu har ana ganin haƙora, muƙamuƙin ya ƙage.

Sai aka aiko likitoci daga Sakkwato su binciki yadda cutar ta yaɗu. Gida gida suke bi, suna tambayar wa ya fara, ran nawa, ina ya je, suna ɗiga jan tawada a taswira. Da yake babban nasu ba ya jin Hausa kuma maza ba sa shiga wurin mata, mijina ya yarda in yi musu tafinta. Da muka je wurin Lami likita ya ce in tambaye ta ina ta kai yarinyar kafin ta kwanta. Lami ta ce, "Gidan Yaya kaɗai muka je, can kuwa lafiya lau, zazzaɓin rana ne kawai." Na juya na gaya masa da Turanci cewa ta zo gidanmu kuma ba mai ciwo. Zancen zazzaɓin na haɗiye shi. Ya ɗiga jan farko a kan gidan Lami.

Shi dai aikinsa ya yi, amma magana ta fita. A Ibeto aka ce ai har likita ya tabbatar daga ɗakin Lami cutar ta tashi. Wasu suka ce ita ta jawo baƙon da sakacinta, wasu suka faɗi abin da ya fi haka muni. Matan da suka rasa 'ya'ya ba sa amsa gaisuwarta a rijiya. In an yi suna ba a aika mata. Ita ma ta yarda laifinta ne, ta ce mini wataƙila wankan da ta yi wa Talatu a rafi ne ya fusata shi.

Bana likitan nan ya aiko cewa akwai masu gyaran fuska a wani asibiti a Kaduna. Audu ya ƙi, ya ce ba a yanka masa 'ya kamar akuyar layya. Mutum ne mai zafin zuciya, in ya juya baya ya juya ke nan. Sau uku ina zuwa Ibeto a lori ina roƙonsa. A ƙarshe ya ce, "Don ke na yarda, matar Yaya, don ba ki taɓa yi mana ƙarya ba. Ranar da na ga ba daidai ba, zan ɗauko abata."

Aikin ba na rana ɗaya ba ne. Sun saki muƙamuƙin tukuna. Sannan suka yanko fatar cikin Talatu suka naɗe ta kamar tsiron kabewa, suka ɗinka bakin fatar ɗaya a hannunta har ta kama, yanzu sun ɗaga hannun sun ɗinka ɗaya bakin a kumatu. Hannunta na ɗaure a kanta da filasta, ba ta iya juyawa, kunu ake ɗura mata ta roba. Sun ce sai fatar ta sha jinin fuska kafin su raba ta da hannun, bayan haka saura aiki biyu. In aka motsa ta yanzu fatar za ta mutu. Mako biyu na yi a can tare da Lami, ni ke jin bayanin likita in faɗa mata. Yarinyar ba ta karɓar kunu daga hannun kowa sai nawa. Lami ta gaya wa matan ɗakin cewa ita haihuwa kawai ta yi, ni ce uwar. Na fita bayan famfo na yi kuka har wata nas ta ɗauka rasuwa aka yi.

Da na dawo na durƙusa gaban Iya na ce ina so in faɗa. Ta ce, "Ke kika halicci cutar? Ki faɗa mana, Audu ya je ya yage hannun daga fuskar, sai ki huta." Mijina bai san komai ba, yana garin Bobi sayen shanu lokacin da 'yarmu ta kwanta. In na ɗaga hannu zan roƙi gafarar Allah sai in tuna haƙƙin mutum ne, sai mai shi ya yafe, mai shi kuwa ba ta ma san tana bina ba.

Yanzu likitan binciken ya aiko da takarda. Zai rufe rahotonsa, amma ya ce abu ɗaya bai zauna masa ba: Talatu ba ta ɗauko cutar daga iska ba, dole akwai wanda ya riga ta. Zai je asibitin Kaduna ƙarshen wata ya sake tambayar Lami, kuma ni yake so in yi tafinta. Fatar ba za ta gama kamawa ba kafin nan.

In na faɗi gaskiya Lami ta wanku a Ibeto, amma Audu zai ji, kuma na san abin da zai yi. In na sake haɗiyewa, za a rufe takarda da sunan gidanta, ta ci gaba da zuwa rijiya ita kaɗai. In na ce ba ni da lafiya aka samo wata tafinta, Lami za ta sake ambaton zazzaɓin ranar nan, wannan karon kuma za a fassara shi.

Jama'a, malamai da iyaye mata, don girman Allah ku duba mini. Me zan yi?