Jar Sitika a Kan Burodin Jildou

Daga:
Douwe Hettinga,
Likitan dabbobi mai ritaya,
Gida na 6, Hanyar Tsohuwar Madatsa,
Reidsyl.

Zuwa ga:
Mai girma Uwargida Annelies Boonstra,
Kansila mai kula da Ilimi da Lafiyar Yara,
Ƙaramar Hukumar Hemsterland.

Litinin, 4 ga Disamba, 2023.

Game da: Tsarin "Lafiyayyen Ɗalibi" na Makarantar Firamare ta Reigerpoel, da abin da ya yi wa jikata, Jildou Hettinga, mai shekara goma.

Ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, wadda na ji an ce yanzu daga ofishinki ake raba ta, ina neman izinin gabatar da ƙorafina. Ni ne kakan yarinyar da aka ambata a sama, kuma ni ke riƙe da ita, domin mahaifinta ya rasu, mahaifiyarta kuwa tana aiki a jirgin ruwan da ke gyaran injunan iska masu samar da lantarki a teku, sai ta yi makonni ba ta taka ƙasa ba. Ni ke yanka mata burodi da safe, ni ke duba iskar tayar kekenta. Saboda haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba, gani na yi.

1. A ranar Litinin, 4 ga Satumba, shugaban makarantar, Malam Ruud Veldkamp, ya ƙaddamar da wannan tsari, wanda wata ƙwararriya da aka ɗauko daga birni ta rubuta masa. Ban san ko ta taɓa ciyar da yaro ba, amma ta iya zanen karas mai murmushi. Bisa tsarin, kowace rana a buɗe akwatin abincin kowane yaro a gaban 'yan ajinsu, a liƙa masa sitika: kore ga na kirki, ja ga mai laifi. Abincin Jildou shi ne baƙin burodi da man shanu da cuku, da tuffa ɗaya, da kwalbar kindirmo. Da shi aka raini uwarta, da shi aka raine ni, da shi aka raini mutanen da suka gina madatsar da ta hana teku cinye ofishin Malam Veldkamp. Tun ranar farko aka ba shi ja, wai cukun ya yi kauri.

2. Ba a tsaya a kan sitika ba. An raba yara teburi-teburi, ana tara wa kowane tebur maki, teburin da ya fi yawan kore a ba shi tuta ranar Juma'a. Duk wanda ya taɓa zama da yara ya san abin da zai biyo baya, amma da alama a makarantar nan babu wanda ya taɓa. Kafin wata ya ƙare 'yan teburinsu sun gane wa ke jawo musu asara. Suka raɗa mata suna Jar Saniya, tunda kakanta likitan shanu ne. Wani yaro yakan ce mata, "Ke Jar Saniya, yau ma kin zo mana da kiwonki? Ki koma garke mana, mu samu tutarmu." Ba na ƙarar yaron. An ba shi sanda ne, aka nuna masa wanda zai doka.

3. A ranar Talata, 26 ga Satumba, aka jera yaran ajin a zauren taro aka ɗora su kan sikeli ɗaya bayan ɗaya, ana kiran nauyin kowa da ƙarfi domin mai rubutawa ta ji. Ranki ya daɗe, na yi shekara talatin da wani abu ina auna maruƙa a gonakin yankin nan, kuma ko maraƙi ba na aunawa sai na fara shafa wuyansa ya natsu. Jildou doguwa ce mai ƙashi, irin matan gidanmu. Ta dawo gida da takarda a jaka cewa tana "bakin iyaka". Ba a faɗi iyakar me ba.

4. Sai batun motsa jiki, wanda tsarin ya ce shi ne ginshiƙinsa na biyu. A shekarar da aka kafa wannan ginshiƙi ne aka soke darasin iyo, aka sallami malamin wasanni ba a ɗauki wani ba, aka kuma zuba kwalta a rabin filin ciyawa domin motocin malamai su samu wurin hutawa. Abin da aka ba yara a madadin duk wannan shi ne wani ɗan agogo da ake ɗaura musu a hannu yana ƙirga taku, da bidiyon wani mutum mai wandon roba da suke kwaikwayon tsallensa a tsakanin tebura. An hana gudu a lokacin shan iska don kada wani ya faɗi, amma kowace Juma'a dole a zagaye motocin malamai da gudu don neman maki. Jildou tana tuƙa keke daga Reidsyl zuwa makaranta ta dawo, cikin ruwa da iskar da ke tura babban mutum cikin kwata. Agogon ba ya ƙirga keke. Don haka aka rubuta sunanta a ƙasan allo, cikin malalata, ƙarƙashin sunayen yaran da ake saukewa daga mota a bakin ƙofa. Wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa, kuma an yi shi da hatimin hukuma.

5. A ranar Alhamis, 12 ga Oktoba, ta cika shekara goma. Kamar yadda kowane yaro ke yi, ta tafi da abin rabawa ga 'yan ajinsu: kek ɗin ɓawon lemo da muka gasa tare, irin wanda marigayiya kakarta ke yi. Aka tare shi a ƙofar aji. Aka ba ta yankakkiyar kokwamba a tsinke ta raba, aka rera mata waƙa, aka ce ta ɗauki kek ɗinta ta mayar gida. Ta ɗaure shi a bayan keke ta dawo da shi, ruwan sama ya jiƙa kwalin. Ba ta yi kuka ba. Ta ajiye shi a kan tebur ta ce, "Kaka, ka ba maƙwabta, ni ba na jin yunwa."

6. Daga nan akwatinta ya fara dawowa gida fes, babu ko ɓurɓushi, kuma sitika ja ta daina zuwa. Da dare takan ce ta ƙoshi tun a makaranta. Sai a farkon Nuwamba wata maƙwabciyarmu ta tare ni ta ce kullum da safe tana ganin yarinyar ta tsaya a kan gada tana juye burodinta wa agwagi. Ashe ta gano abin da ƙwararriyar birni ba ta hango ba: akwatin da babu komai a ciki sai tuffa ba a ba shi ja. Makonni yarinya tana zaune a aji da tuffa ɗaya a gabanta, ana liƙa mata kore, ana yaba mata. Mutanen da suka iya hango kaurin cuku daga nesa ba su ga wuyan yarinya yana ramewa a gabansu ba.

7. A ranar Juma'a, 10 ga Nuwamba, cikin gudun neman maki, Jildou ta yanke jiki ta faɗi a kan kwalta, tsakanin motoci biyu. Haɓarta ta tsage, an yi mata ɗinki. Likitar asibiti ta riƙe ta kwana biyu, ta kuma gaya mini a fili cewa matsalar ba ta haɓa ba ce: yarinyar ta fara tsoron abinci, kuma irin wannan ciwo idan ya kama yaro yakan yi shekaru bai sake shi ba, wani lokaci ma ba ya saki. Mahaifiyarta ta baro jirgi ta dawo. Yanzu kowane mako muna kai ta wurin likitar da ke koya mata abin da kowane jariri ke zuwa duniya da saninsa, wato idan an ji yunwa a ci.

8. A ranar Laraba, 15 ga Nuwamba, Malam Veldkamp ya ba ni lokaci a ofishinsa. Ya nuna alhini gwargwadon abin da aikinsa ya tanada. Ya ce, "Malam Hettinga, ka san wasu yaran daga gida suke zuwa da rauninsu. Tsarin kansa ba shi da aibi, alƙaluma sun nuna." Yana wannan magana ne da farantin biskit mai man shanu a gefen kofinsa na kofi, har ya turo mini ya ce in ɗauka. Na tambaye shi wace sitika aka ba farantin. Ya ce ba ya jin barkwanci ya dace da irin wannan zama. A nan kaɗai muka yi ittifaƙi. Daga ƙarshe ya miƙo mini ƙasida mai hoton karas ɗin nan, ya ce in karanta a gida don in ƙara fahimtar manufar. Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, na sani, amma ban taɓa ganin an naɗe ta da ƙasida ba sai ranar.

Ina so a rubuta cewa ba na ƙarar malamar ajin, Malama Marrit. Ita kaɗai ce daga makarantar ta zo asibiti, ta zauna a bakin gadon yarinyar. An ba ta takardar sitika ne aka ce ta liƙa, kuma tana da haya da za ta biya kamar kowa.

Ranki ya daɗe, na karanta a jaridar yanki cewa ranar Juma'a, 15 ga Disamba, da hannunki za ki miƙa wa wannan makaranta lambar yabo ta "Makaranta Mafi Lafiya" a ƙaramar hukumarmu, kuma za a yi liyafa. Kafin ki tsaya a gaban masu ɗaukar hoto, ina roƙon alfarmar waɗannan abubuwa:

Na farko, a daina buɗe abincin yara a bainar jama'a, a daina sitika da maki da tuta, daga gobe, ba bayan kwamiti ya zauna ba. Na biyu, kada a sake ɗora yaro kan sikeli sai a gaban likita da izinin iyayensa, a ɗaki mai ƙofa. Na uku, a dawo da darasin iyo da malamin wasanni, a kuma mayar wa yara filinsu. Motocin malamai ba za su yi ƙiba ba idan sun kwana a titi. Na huɗu, a turo wani wanda ba Malam Veldkamp ba ya bincika ko akwai wasu yaran da ke cikin halin da jikata ta shiga, domin ba na jin ita kaɗai ce mai wayo a ajin. Lambar yabon kuwa na bar wa lamirinki.

Idan aikinki ya bar miki sarari, ina gayyatarki gidana ki ci abincin dare da mu. Za ki ga abin da na gani shekaranjiya. Na dafa dankali da kabeji, ta ci rabin farantinta, abin da ya sa ni da uwarta muka sunkuyar da kai don kada ta ga farin cikinmu ta tsorata. Sai ta ajiye cokali, ta dubi sauran, ta dube ni, ta ce, "Kaka, an yarda in ƙarasa?" Na haura shekara saba'in a duniya, ban taɓa tsammanin yaro zai nemi izinin cin abinci a gidana ba. Na ce mata an yarda. Ta tambaye ni wa ya yarda. Wannan tambayar ce nake miƙa wa ofishinki, kuma ina jiran amsarta a rubuce.

Ki huta lafiya. Ina mai gabatar da dukkan girmamawar da muƙaminki ya cancanta.

Naki cikin ladabi,

Douwe Hettinga,
kaka kuma mariƙin Jildou Hettinga.