Allurar Sinawa a Hannun Inna

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya iyali? Ya Anti Rabi da yara, ya damina a Katsina? Allah ya sa kowa lafiya.

Yaya, raina a ɓace yake, kuma da kai nake. Kai ka turo wa Inna lambar mutumin nan na unguwar Sharafiyya mai maganin Sinawa. Ta je ba da sanina ba. Ya tsira mata siraran allurai a wuyan hannu, da gwiwar hannu, da ɗan ƙaramin yatsa, wai nan hanyar zuciya ta bi tun daga hamata. Da a nan ya tsaya, da ban yi magana ba. Sai ya ce mata, "Halas, shi ke nan, Hajiya, ki ajiye maganin hawan jini."

Kwana tara ba ta sha ba. Ranar Talata ta faɗi a kan sallaya bayan la'asar, bakinta ya karkace. Yanzu an sallamo ta daga asibiti, tana magana, amma hannun hagu ko kofin shayi ba ya ɗagawa. Da na je wurin mutumin, cewa ya yi bai san ta ba.

Har yanzu kare ka take yi, wai alheri ka nufe ta da shi. Na sani. Amma ni ke juya ta a gado. Daga yau duk maganin da ka gani a waya, ni za ka fara tambaya.

Ku sa ta a addu'a. Ka gaida Baffa Isa da mutanen gida. Kuma ka kira ta da kanka, ban da saƙon murya.

Ƙanwarka,
Hadiza