Hoton da Anti Martha Ta Saka

Asabar, 3 ga Agusta, 2024
Na iso Kafanchan. Hutun mako uku bayan shekara biyu. Mama ta yi gwate, na sha kwano biyu ba kunya.
Ko a wannan littafi ba zan rubuta sunan ƙasar da nake aiki ba. "Can" ya isa. A takarda ni nas ce, kuma gaskiya ne. Sauran kuwa, mata shida ne da muke karanta Littafi Mai Tsarki a ɗakina ranar Juma'a, labule a sake, wayoyi a kicin.

Lahadi, 4 ga Agusta
Ashe yanzu cocinmu na nuna sujada kai tsaye a Facebook. Fasto Silvanus ya ce in ba da shaida. Na raɗa masa, "Baba, sai in za a kashe kyamara." Bai tambayi dalili ba, ya sa aka kashe. Na yi magana ba suna, ba gari. Sai waƙa, na buɗe murya iya ƙarfina. Can ƙasa-ƙasa muke yi.

Talata, 6 ga Agusta
Ruwa tun safe. Gasasshiyar masara, barci.

Litinin, 12 ga Agusta
Da rana Mama ta miƙo mini wayarta tana murmushi. Yayarta, Anti Martha, ta saka hoton da muka ɗauka jiya a Facebook: "Jacinta 'yarmu, mai kai bishara a..." Sunan ƙasa, sunan gari, ta haɗa da shafina. Ƙanen mijin ɗaya daga mata shidan nan abokin aikina ne, yana bin shafin.
Na kira Anti sau biyar ba ta ɗauka ba. Na hau mashin zuwa Fadan Kaje cikin taɓo, na same ta a gonar citta.
Ranta ya ɓaci. "Kunyar Yesu kike ji?"
Na ce a'a, Anti. Akwai wata mai 'ya'ya uku, in aka gane inda take zuwa ranar Juma'a, raba ta da su za a yi. Ta share hannu a zani, ta kwance wayar daga haɓarsa. "Goge. Ni sakawa kawai na iya."
Kafin in goge sai da na karanta duk abin da mutane suka rubuta. Ya yi mini daɗi, Ubangiji ya gafarta mini.
Awa huɗu hoton ya yi a Facebook.

Alhamis, 15 ga Agusta
Shiru daga can. Na rufe shafina gaba ɗaya.

Asabar, 17 ga Agusta
Saƙo ya zo daga mai 'ya'ya ukun: ƙaramin ya yi haƙori, yaushe zan dawo? Shi ke nan. Na zauna a bakin gado na yi godiya. Anti ta aiko da doya, da saƙon cewa tana addu'a, kuma Allah ya san sunan garin ko ba ta faɗa ba.

Laraba, 21 ga Agusta
Muna ɗaure kaya, Mama ta ce, "Asabar ne ko Lahadi?" Na ce Asabar zan koma gida.
Ta ɗan tsaya, sannan ta ci gaba da ƙulla daddawa.
"Can" na kira gida. Suɓutar baki ce kawai.