Inna Ta Ajiye Maka Rabonka

Dogon Dutsi, farkon damina

Zuwa ga Yayana Umaru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Rumaisa'u da yara. Ya aikin koyarwa a lakwal, ya 'yan makaranta, ya zafin Difa? Mu nan ruwa ya sauka, an yi shuka. Maigidana Ado yana gaishe ka.

Na rubuto ne na ba direba, don a waya ba ka barina in kai ƙarshen magana. Da na fara sai ka ce in yi haƙuri, sai kuma layi ya yanke.

Jikin Inna ba daɗi, Yaya. Tana tafiya da ƙafarta, amma mantuwar ta wuce yadda ka bar ta bara. Takan yi alwala ta zauna, ta sake tashi ta yi wata. Shekaranjiya ta gaishe ni gaisuwar baƙuwa, har tana tambayata mutanen gidanmu. Na amsa mata lafiya lau, na shiga madafa na yi kukana.

Mun kai ta asibiti. Likita ya ce ciwon mantuwa ne, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke lalacewa a hankali. Na gaya masa abin da ka karanta, cewa ganyaye da 'ya'yan itatuwa na ɗauke da sinadaran da ke kare ƙwaƙwalwa. Bai ƙaryata ka ba. Ya ce masu bincike suna kyautata zato amma ba su gama ba, kuma kariya daban, maido da abin da ya tafi daban. Na gane nufinsa, ba a fafe gora ranar tafiya. Duk da haka zan yi yadda ka ce, wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa zai kama.

Na janye mata shinkafa da taliya. Da safe kwaɗon zogale, da rana tafasa, da maraice yaɗiya ko rama, ga ruwan tsamiya. Maƙwabta sun ce aljana doguwa ce ta biyo ta daga ƙauyenmu Lugu, na ce kowa ya ji da nasa. Ka sa mu cikin addu'a.

Ƙanwarka,
Bilkisu

Dogon Dutsi, tsakiyar damina

Yaya Umaru,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kai da iyali kuna cikin ƙoshin lafiya. Saƙonka ya iso, da garin zogalen da ka haɗo. Na gode, ko da yake zogale ba shi muka rasa a Arewa ba.

Ka ce in dage, abin yana son lokaci. Na dage har na kusa kashe ta. Kullum kwano na dawowa wayam ina murna, ita kuwa tana ramewa, zanenta yana zagaye ta har ya yi saura. Ado ya fara cewa ɗakinta na wari. Da na ɗaga katifa sai ga kwaɗo ƙulli-ƙulli cikin tsummoki, wani ya yi funfuna, tururuwa ta cika wurin. Ta kama hannuna da ƙarfin da ban san tana da shi ba, ta roƙe ni a hankali kada in taɓa, na yaron ne, hatsi ya ƙare a gari.

Ban gane ba sai da Gwaggo Zalihatu ta zo dubiya daga Lugu. Tana ganin abin da nake zuba wa Inna ta riƙe baki. Ta ce a shekarar babbar yunwa, kana ƙarami, ni ba a haife ni ba, ganye kaɗai suka rayu da shi. A wurinsu ranar da aka ga tafasa safe da rana babu tuwo, to rumbu ya mutu. Ta ce a lokacin Inna takan ɓoye rabonta ta ba ka, ita ta sha ruwa ta ce ta ƙoshi.

Ka ga abin da muka yi, ni da kai. Garin neman gira mun rasa ido. Mun ɗauke ta da hannunmu mun mayar da ita cikin yunwar da ta fita tun tuni, kuma can take zaune yanzu. Ba na ɗora maka laifi, ni na dafa. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ka daina turo mini abin da ka karanta.

Ina tsoro, Yaya. Gaishe da Rumaisa'u.

Taka,
Bilkisu

Dogon Dutsi, gab da kaka

Yayana,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun wuni lafiya. Ka yafe mini gajeruwar gaisuwa, ba ni da natsuwar doguwa.

Babu abin da ban gwada ba. Na daina ganye gaba ɗaya, na koma tuwon gero da miyar kuka har da nama. Ado ya ɗauko buhun hatsi ya zazzage a gabanta, ta ce a rufe da sauri kada masu shi su gani. Tuwon ma ƙullewa take yi, ta ce sai yaron ya ci. Ran da ka ci abinci ta waya don ta gani, ka tuna ta kife wayar? Daga baya ta ce mini wani mutum ne ke yi mata gwalo da abinci. Na sa Ado ya zauna ya ci a matsayinka, ta fizge kwanon ta zage shi tas, ta ce ƙato ba kunya yana cin rabon yaro. A da da mun yi dariya.

Yanzu kunu kaɗan take kurɓa, shi ma sai na rantse mata cewa an ajiye naka. An ƙara mata ruwa a asibiti, ta cire allurar. Likita ya ce jikinta ba zai jure haka da nisa ba.

Akwai abin da ban iya faɗa maka a waya ba. Ka san kai ɗan fari ne, tunda muka taso ba mu taɓa jin sunanka a bakinta ba, sai wancan, sai yaron. Ko hannunka ba ta riƙewa a gaban mutane. Jiya da hantsi ta fita ƙofar gida, ga mata na dawowa daga famfo, ta tsaya tana kira Umaru, Umaru, da ƙarfi, ka zo ka ci tun bai huce ba. Matan suka sunkuyar da kai. Ni kuwa ta manta ni sarai, sunana ya fita daga kanta, kuma ba zan ɓoye maka ba, na ji zafin haka. Naka ne ya rage mata, kai da ba ka nan.

Na san za ka ce an kusa komawa lakwal, darakta ba zai bari ba, hanya ba tsaro. Duk na sani. Ban kuma yi maka alkawarin za ta gane ka ba, da gemunka da furfurarka, ita yaro take nema. Wataƙila kai ma ta fizge kwanon. Amma kai da kanka ne kaɗai ban gwada ba a cikin ɗakin nan, kuma ba ni da sauran dabara.

Kada ka aiko da komai. Ka hau mota ka zo, ka zauna kan tabarma a gabanta, ka buɗe abin da ta ƙulle maka ka ci, ka ce mata ka ƙoshi. Ko Allah zai sa ita ma ta sa hannu.

Allah ya kawo ka lafiya, ya sa ka iske ta.

Ƙanwarka mai jiranka,
Bilkisu